Ƙwai, Ganye ko Ƙashi: Yadda Ake Bambance Burbushin Halitta da Dutse

"Assalamu alaikum Malam. 'Yan watanni ke nan da na fara sha'awar neman burbushin halittun da, ina bin gaɓar rafi da wuraren da aka fasa dutse ina tsince-tsince. Yanzu ina da abu uku da suka ɗaure mini kai. Na farko dunƙulallen dutse ne sumul kamar ƙwai, ya cika tafin hannu. Na biyu falalen dutse ne mai zanen baƙin ganye a jikinsa, da 'yan rassa ƙanana, gwanin sha'awa. Na uku wani guntu ne ruwan ƙasa, ba shi da kyan gani, gefe guda santsi, gefe guda ƙofofi-ƙofofi. Wani ya ce mini in lasa, idan ya manne a harshe to ƙashi ne. Yaya mai koyo irina zai bambance burbushi da dutsen banza?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambayarka biyu ce a ƙunshe cikin ɗaya. Kana son sanin mene ne waɗannan abubuwa uku da ke gabanka, kana kuma son ma'aunin da za ka riƙa aiki da shi gobe idan ka fita kai kaɗai. Bari in fara da abin da watakila ba ka zata ba. Daga yadda ka siffanta su, wanda ya fi kyau, wato mai ganyen nan, shi na fi zargin ba burbushi ba ne. Ƙwan ma ina shakkarsa ƙwarai. Guntun nan mara fasali da ka ambata a ƙarshe, shi ne ya sa na gyara zama.

Dalili kuwa shi ne, idon ɗan Adam gwani ne wajen ganin kamanni. Mukan ga fuska a jikin gajimare, mu ga raƙumi a jikin tsauni. Mai koyo idan ya tsinci dutse, tambayar da yake wa kansa ita ce, da me wannan ya yi kama? Ita ce kuwa tambayar da ta fi ɓatar da mutane a wannan harka, domin kama da wane ba wane ba ne. Wanda ya daɗe yana yi yakan yi wasu tambayoyi biyu daban: daga wane irin dutse abin nan ya fito, kuma yaya ginin jikinsa yake idan an duba kusa? Duk abin da zan faɗa maka a ƙasa, bayanin waɗannan biyun ne.

Fara da ƙasar da kake tsaye a kanta

Burbushi shi ne duk wani saura ko alama ta halittar da ta rayu a zamanin da, wadda dutse ya adana. Galibi masana kan sa iyaka a wajen shekara 10,000, abin da bai kai haka ba ana ɗaukarsa tsohon ƙashi ne kawai ko tsohon kwanso. Dabba ko tsiro ba sa zama burbushi sai an binne su da wuri, kafin ruɓa da masu cin mushe su gama da su, kuma abin da ya fi yin wannan binnewa shi ne laka da yashi a ƙasan teku, tabki ko kogi. Daga nan hanyoyin sun rabu. Wani lokaci ruwan ƙarƙashin ƙasa mai ɗauke da ma'adinai yakan ratsa ƙofofin ƙashi ko na itace ya cike su, abin ya yi nauyi ya taurare. Wani lokaci kwanson yakan narke ƙarƙaf ya bar gurbinsa kamar hatimi, daga baya laka ta cika gurbin ta fitar da siffarsa. Ganye kuwa yakan matse ya bar baƙin gawayi siriri kamar fenti. Akwai kuma abin da ba jikin dabbar ba ne, aikinta ne: sawun ƙafa, ramin tsutsa, har da kashi.

Ka ga ke nan burbushi yana da gida. Gidansa shi ne dutsen shimfiɗa, wato wanda ya samu daga laka, yashi ko garin kwanso da suka kwanta hawa-hawa suka daskare. Irinsa ne ya rufe kusan kashi uku cikin huɗu na doron ƙasa, saboda haka ba wuyar samu yake ba. Dutsen yashi, idan ka goga masa yatsa za ka ji gurjin yashi. Dutsen laka yakan tsage fale-fale kamar shafukan littafi. Dutsen farar ƙasa kuwa wuƙa tana iya karce shi, idan ka ɗiga masa ruwan khal a wurin da ka karce za ka ga 'yar kumfa tana tashi. Ma'adinin da ya gina shi taurinsa 3 ne a ma'aunin taurin ma'adinai da ake kira Mohs, ƙarfen wuƙa kuma yana wajen 5 da rabi, shi ya sa take cin sa. Farin dutsen nan mai ƙyalli kamar gilashi taurinsa 7 ne, wuƙa ba ta taɓa shi.

Dutsen da ya fito daga narkakkiyar wutar cikin ƙasa, kamar giranit mai ƙwayoyi masu walƙiya, fari da baƙi da ruwan hoda a sarƙe da juna, ba ya ɗauke da burbushi. Babu halittar da za ta rayu a inda ya samu. Wanda zafi da matsi suka murɗe suka sauya masa kama, shi ma galibi ya shafe duk abin da ke cikinsa. Toka ce kawai ta fita daban: sawun ƙafar dangin mutanen farko na Laetoli a Tanzaniya, da ayarin masaniya Mary Leakey ya gano a 1978, a cikin tokar aman wuta aka same shi, shekarunsa kusan miliyan 3.6. Amma wannan toka ce da ta zubo ta kwanta kamar laka, ba narkakken dutse ba.

Shawarata ta farko ita ce, kafin ka sake fita, ka nemi taswirar duwatsun yankin da kake yawo. Yawancin ƙasashe suna da hukumar binciken ƙasa da ke buga irinta, da yawa kuma suna kan intanet. Tun zamanin William Smith, masanin duwatsun da ya fitar da taswirar Ingila a 1815, aka gane cewa kowane hawa na dutse yana da irin burbushinsa. Taswirar za ta gaya maka irin dutsen da shekarunsa, shekarun kuma su gaya maka abin da zai yiwu da wanda ba zai yiwu ba. Tirailobayit, wasu halittun teku masu gaɓoɓi kamar ƙwari, sun ƙare shekara miliyan 252 da suka wuce. Amonayit, dabbobin teku masu naɗaɗɗen kwanso, da manyan dinoso sun ƙare shekara miliyan 66 da suka wuce. Idan dutsen wurinka bai kai waɗannan shekaru ba, ka cire su daga lissafi komai kamannin da ka gani. Sai dai ka lura, tsakuwar rafi baƙuwa ce. Ruwa yana iya ɗauko ta daga nesa, saboda haka dutsen da ka tsinta a gaɓa ba lalle ne ya dace da taswirar inda kake tsaye ba.

Alamar da rai ke bari

Abu mai rai yana girma bisa tsari, kuma tsarin nan shi ake nema, ba kamanni ba. Labarin da na fi son ba wa ɗalibai shi ne na Nicolas Steno, wani masani ɗan ƙasar Denmark. A zamaninsa mutanen Turai suna tsintar wasu duwatsu masu kusurwa uku, suna kiran su duwatsun harshe, wasu na cewa daga sama suke faɗowa, wasu na cewa a cikin ƙasa suke tsirowa. A 1666 masunta suka kama wani ƙaton kifin shak a gaɓar Italiya, aka kai wa Steno kan ya feɗe. Ya ɗora haƙoran kifin kusa da duwatsun nan, ya bi su gaɓa-gaɓa: kaifin gefe mai haƙoran zarto, ƙyallin sama, da saiwar da ba ta ƙyalli. Ya ga ba kamanni kaɗai ba ne, gini ɗaya ne. Abin da ya yi ke nan, kuma har yau shi muke yi.

Ɗauki amonayit, tunda shi ne burbushin da ya fi faɗawa hannun masu koyo a wurare da yawa. Naɗi ne kamar gammo, amma ba gammo mai kauri ɗaya ba. Ka bi shi daga tsakiya zuwa waje, za ka ga kowane zagaye ya fi na cikinsa faɗi da wani gwargwado da ba ya canzawa. Haƙarƙarin da ke jikinsa suna matse da juna a ciki, suna ƙara tazara a hankali yayin da dabbar ke girma. Inda kwanson ya ɓare, za ka ga wasu layuka masu lanƙwasa kamar surfanin allura, su ne mahaɗar bangon ɗakunan ciki, kuma kowane layi kwafin na gabansa ne. Ruwa da iska ba sa yin irin wannan aiki. Suna iya zagaye dutse, suna iya huda shi, amma ba sa maimaita zane ɗaya sau ashirin yana ƙara girma kaɗan-kaɗan.

Daidaito ma shaida ne. Tirailobayit yana da dama da hagu masu kama da juna, da gaɓoɓi a jere. Dangin tauraron teku da bushiyar teku suna tafiya da biyar-biyar, idan ka ga dunƙule mai layuka biyar da suka taso daga tsakiya kamar tauraro, ka riƙe shi da kyau. Akwai wasu 'yan faya-fayai kamar duwatsun ado masu huda a tsakiya, wani lokaci a jere kamar an tsira su a zare. Gaɓoɓin karan wata dabbar teku ce da ake kira kirinoyid, mai kama da fure. Kwanson dabbobin ruwa yana da layukan girma da suka biyo bakinsa, ɗaya bayan ɗaya. Itacen da ya zama dutse yana riƙe da jijiyoyinsa a tsaye, da zoben shekaru idan irin mai yin zobe ne, wani lokaci har da gurbin reshe.

Abu na ƙarshe a nan, wanda mutane kan manta, shi ne iyaka. Burbushi baƙo ne a cikin dutsen da ya rungume shi. Launinsa, santsinsa ko ƙyallinsa kan bambanta da na uwar dutsen, kuma akwai layin da za ka ce nan ya tsaya, nan dutse ya fara. Idan siffar da kake gani da sauran dutsen duk abu ɗaya ne, ƙwaya ɗaya, launi ɗaya har ciki, to mai yiwuwa zaizaya ce ta sassaƙa shi.

Duk wannan ba ya ganuwa da ido tsirara yadda ya kamata. Ka sayi ɗan gilashin ƙara girma mai ninka abu sau 10. Ka kai shi dab da idonka, sannan ka matso da dutsen har ya fito sarai, haske yana zuwa daga gefe. A ganina babu kayan aikin da ya fi shi amfani ga mai koyo, guduma ma tana bayansa.

Ganyenka da ƙwanka

Zanen baƙin ganye mai rassa da ka gani, kusan tabbas ma'adinin manganis ne. Ruwa mai ɗauke da shi yakan kurɗa cikin siririyar tsagar dutse, ya bar shi yana bazuwa reshe bayan reshe. Ana ganinsa da yawa a falalen dutsen Solnhofen na Jamus, inda aka samu burbushin wani tsuntsun zamanin da mai suna Archaeopteryx a 1861, har a kan samu zanen yana kewaye da burbushi na gaske. Ga yadda za ka gwada naka. Nemi inda rassan suka taso, za ka ga daga bakin tsaga ko gefen dutsen suka fito. Sa gilashi ka duba: ganye na gaske yana da jijiya ta tsakiya, da ƙananan jijiyoyi da suka fita daga ita bisa tsari, da baki mai iyaka, kuma 'ya'yan ganyen kan zo da girma kusan ɗaya. Zanen manganis ba shi da ko ɗaya daga ciki. Kowane reshe yana rabuwa zuwa ƙananan rassa, su ma su rabu, har su ɓace, kuma ba shi da kauri ko kaɗan, tabo ne kawai. Kada ka yar da shi. Abu ne mai kyau, kuma zai zama malaminka a duk lokacin da ka sake ganin irinsa.

Ƙwan kuwa ya fi buƙatar a tsaya a kansa. A cikin duk abin da mutane suka taɓa kawo mini suna cewa ƙwan dinoso ne, ban taɓa samun wanda ya tabbata ba. Ko dai tsakuwa ce da ruwa ya goge ta zama sumul, ko kuma curi ne. Curi yana samuwa ne tun laka tana da taushi, idan ma'adini ya fara taruwa a kewayen wani ɗan abu, ya riƙa daskarar da lakar daga tsakiya zuwa waje, har ya zama dunƙule mai tauri fiye da abin da ke kewaye da shi. Yana iya zama kamar ƙwallo, kamar ƙwai, kamar kan mutum. Na bakin tekun Moeraki a New Zealand wasunsu sun kai mita 2 a faɗi. Wasu kuma suna da tsage-tsage da farin ma'adini ya cike, sai mutum ya rantse bayan kunkuru ne.

Ƙwai na gaske yana da ɓawo. Ɓawon siriri ne, 'yan milimita kaɗan, kaurinsa ɗaya a ko'ina, dabam yake da abin da ya cika cikin. A ƙarƙashin gilashi za ka ga 'yan ƙofofin numfashi, sau da yawa da ƙuraje-ƙuraje ko zane a samansa. Kuma da wuya ka same shi lafiya lau, nauyin ƙasa kan murƙushe shi ya farfashe kamar tsohuwar tukunya. Santsin nan da ka yaba, a wurina hujja ce a kan ƙwan, ba hujja gare shi ba.

To amma ga inda abin yake da daɗi. Ɗan abin nan da curi ya taru a kewayensa, sau da yawa gawar wata halitta ce. A Mazon Creek ta jihar Illinois a Amurka, curin da ake tsinta suna buɗewa a ga ganye, ƙwari da kifaye na sama da shekara miliyan 300, har da wata baƙuwar dabba mai taushin jiki da wani mai sha'awa irinka, Francis Tully, ya tsinta a 1955, wadda har yau ake muhawara kan danginta. A gaɓar Whitby ta Ingila, cikin irin wannan curi ake samun amonayit mafi kyau. Saboda haka ka juya naka a hannu ka duba ƙugunsa. Idan ka ga wani siririn layi ya zagaye shi, ko ɗan gefen kwanso ya leƙo, akwai ajiya a ciki.

A nan zan roƙe ka haƙuri, domin na taɓa yin asarar da har yanzu nake tunawa. A shekarata ta farko na tsinci wani curi mai girman dunƙulen hannu, haƙarƙari uku na amonayit suna leƙowa a gefensa. Na ɗora shi a kan dutse na sauke masa guduma a tsakiyar baya da duk ƙarfina. Ya tarwatse gida biyar. Da na tattara guntayen na ga kwanson ciki yana nan da ƙyallinsa, ɗakunansa cike da farin ma'adini, irin wanda ban sake samun kamarsa ba sai bayan shekaru. Da na tsayar da shi a gefensa na riƙa ƙwanƙwasa layin nan a hankali ina juyawa, da ya buɗe gida biyu da kansa, domin dutse yakan fi son tsagewa ta inda burbushin ya kwanta. Masu tsinta a Mazon Creek ma ba sa gaggawa: sukan jiƙa curin a ruwa, su daskarar da shi, su narkar, su maimaita sau da yawa har ya buɗe. Idan za ka sa guduma ko yaya ne, ka sa tabarau na kariya. Ɓarɓashin dutse ba ya sallama kafin ya shiga ido.

Akwai sauran mayaudara da zan ambata a taƙaice. Tsagewar busasshiyar laka da ta zama dutse tana kama da fatar kada. Dutsen ƙanƙara, wanda ake ƙyasta wuta da shi, yakan zo da siffar ƙashi, yatsa ko ƙaho, idan ya fashe kuma yana barin layuka masu lanƙwasa kamar na kwanso, irin wanda kake gani a fasasshiyar kwalba. Wani dutsen farar ƙasa yana cike da 'yan ƙwallaye kamar ƙwan kifi, alhali ruwa ne ya mirgina su. Kuma kada ka ji kunya idan ɗayansu ya ruɗe ka. A shekarun 1860 babban masanin Kanada John William Dawson ya sanar da wani abu mai hawa-hawa da ya kira Eozoon a matsayin halitta mafi tsufa da aka sani. An yi ta gardama kusan shekara 30, sai a 1894 aka sami irinsa a cikin duwatsun da dutsen aman wuta na Vesuvius a Italiya ya watso, aka tabbatar zafi ne ya ƙera shi.

Guntun na uku da maganar harshe

Abin da ya ja hankalina shi ne yadda ka ce gefe guda santsi, gefe guda ƙofofi. Haka ƙashi yake. Yana da bango mai tauri a waje, da wani gini kamar soso a ciki inda ɓargo yake zama. Sa gilashi a kan bangon: za ka ga siraran layuka duk sun miƙe hanya ɗaya, kamar jijiyar itace amma sun fi laushi, da 'yan hudoji inda jijiyoyin jini suka shiga. Juya zuwa soson: ba ramuka ne rufaffu ba, saƙa ce ta 'yan sanduna da suka haɗe da juna, kuma tana ƙara matsewa yayin da take kusantar bango, har ta narke cikinsa ba tare da yankewa ba.

Abu biyu ne ke kwaikwayon wannan. Dutsen aman wuta mai kumfa yana da ramuka, amma zagayayyu ne, kowanne a rufe shi kaɗai, manya da ƙanana a warwatse babu tsari. Sai kuma kashin maƙera da ragowar masana'antar narkar da ƙarfe, wanda shi ma yana da kumfa, sau da yawa da wani ƙyalli kamar narkakken gilashi a wani gefe. Waɗannan biyun ba su da bango mai jijiya.

Gwajin harshe yana da tushe, amma an ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa. Ƙashi mai ƙofofi yana tsotse danshi, shi ya sa yake kama harshe. Sai dai alli ma yana kamawa, busasshiyar laka ma haka, guntun tukunya ma haka. Ƙashin da ma'adinai suka cike ƙofofinsa tsaf kuwa ba ya kamawa ko kaɗan, alhali shi ne burbushi na ainihi. Ban da haka, ba na ba kowa shawarar ya sa abin da ya tsinta a baki. Akwai ƙazanta, akwai sabon mushe, kuma a wasu wurare, kamar shimfiɗar duwatsun da ake kira Morrison a yammacin Amurka, ƙasusuwan dinoso sun tara yuraniyom a jikinsu. Ka jiƙa yatsa ka danna, zai gaya maka abin da harshe zai gaya maka.

Idan ya tabbata ƙashi ne, saura tambaya ɗaya: na da ne ko na jiya? Launi ba ya yanke hukunci, domin ƙashin saniya da ya kwana 'yan shekaru a cikin laka yakan yi baƙi ƙirin. Nauyi ya fi shi gaskiya. Burbushi galibi ya fi sabon ƙashi mai girmansa nauyi sosai, idan ka ƙwanƙwasa shi da ƙarfe yana ƙara kamar tangaran, sabo kuwa ƙararsa a dushe take kamar ta itace. Wasu kan ɗora jan allura mai zafi a wani lungu: sabon ƙashi yana warin ƙonannen gashi, burbushi ba ya yi. Ni ban cika son wannan ba sai a kan guntun da ba shi da muhimmanci, tunda yana barin tabo.

Iyakar abin da zan iya daga nan

Duk abin da na faɗa maka, hasashe ne bisa siffantawarka. Ba na yanke hukunci a kan dutsen da ban riƙe a hannu ba, ko hoto ma yakan ɓoye nauyi da gurji, kuma akwai guntayen da sai an yanka su siriri an sa a madubin bincike kafin a ce ga abin da suke. Guntun ƙashi da ba shi da kan gaɓa ko haƙori, sau da yawa iyakar abin da gwani zai ce shi ne ƙashi ne, ba zai iya kiran sunan dabbar ba.

Abin da ke hannunka, wanda babu gwanin da zai iya yi maka daga baya, shi ne rubuta inda ka samu. Kowane abu ka ba shi lamba, ka rubuta rana, wuri, da ko a jikin dutse yake ko a yashe. Wayarka tana iya ba ka lambobin wurin. Burbushin da ba a san inda ya fito ba ya rasa mafi yawan amfaninsa ga ilimi. Kada ka shafa masa fenti, mai ko man ƙyalli. Ka wanke da ruwa da tsohon buroshin haƙori idan dutsen mai tauri ne, dutsen laka kuwa a busashe ake goge shi domin ruwa na iya narkar da shi. Wanda ka ga yana walƙiya kamar zinariya, ma'adinin ƙarfe da kibiritu ne, danshi yana cinye shi ya koma gari, sai a ajiye shi a busasshen wuri.

Ka kuma binciki dokar inda kake, da izinin mai fili. Dokokin sun bambanta ƙwarai. A Amurka, dokar 2009 ta hana ɗaukar burbushin dabba mai ƙashin baya a filin gwamnatin tarayya sai da takardar izini. Mongoliya da Burazil sun ɗauki burbushi dukiyar ƙasa, har an mayar wa Mongoliya da ƙwarangwal ɗin wani dinoso daga Amurka a 2013 bayan an fitar da shi ta ɓarauniyar hanya. Kada kuma ka tsaya a gindin gangaren dutse mai zubowa, musamman bayan ruwan sama.

Game da guntun na uku, ga abin da zan yi da ni ne. Zan koma daidai inda na tsince shi, in bi gaɓar zuwa sama, inda ruwa ke fitowa, ina duba ƙasa a hankali ko akwai 'yan'uwansa. Idan guntayen suna ƙara yawa sannan suka yanke, to mafarinsu yana bangon da ke kusa. Idan ka ga ƙashi a kafe cikin dutsen, kada ka tona, kada ka ja. Ka ɗauki hoto daga nesa yadda wurin zai ganu, ka ɗauka daga kusa da abin awo a gefensa, sannan ka ɗauki guntun da ke hannunka ta fuska uku a hasken rana, musamman wurin da ya karye. Ka kai su gidan adana kayan tarihi ko sashen nazarin duwatsu na jami'ar da ta fi kusa da kai, tare da littafin da ka rubuta wurin. Idan ka samu dama, ka turo mini hoton karayar, ka kuma auna mini kaurin bangon da nauyin guntun.